Akwati Ashirin da Bakwai na Baba Lamba

Mahaifina mai walda ne. In ka shigo layinmu ka tambaye shi da sunansa na yanka, sai an yi ta kallon juna kafin wani dattijo ya tuna. Baba Lamba kowa ke ce masa, har jikokinsa. Sunan ya samo asali ne daga wata ɗabi'a tasa da ta ishi kowa: ba ya ƙera abu ya fita daga shagonsa sai ya buga masa lamba. Ƙofa, taga, gado, murhu, har maratayin tukwanen da ya yi wa Inna a kicin, ɗari uku da sha ɗaya ce a jikinsa. Yana da wasu ƙananan ƙarafa guda goma a cikin tsohon gwangwanin madara, kowanne da lamba a bakinsa, daga sifili zuwa tara. Sai ya ɗora a kan ƙarfe ya ba shi guduma ɗaya, tas, an gama. Mai lamba huɗu ya gutsire a baki tun kafin a haife ni, saboda haka duk huɗun da Baba ya buga sai ka ga kamar ta yi tuntuɓe.

Inna takan ce da zai samu dama, da mu ma ya buga mana a ƙeya. Shi kuwa sai ya ce, "Ku ai bakinku ya isa lamba, daga nesa ake gane ku." Da ni yake. Ni ce babbar 'yarsa, ina koyarwa a firamare, kuma ban taɓa musun cewa bakina ya fi ƙarfina ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake ce mini.

Shagon ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a bakin titi, tsakanin mai faci da mai wankin mota. Baba gajere ne, hannayensa duk tabon tartsatsi, idanunsa kullum ja saboda hasken walda. Ba ya karatun boko sai lambobi, kuma shi da bakinsa yake cewa shi ba malami ba ne, abin da zai yi salla da shi kawai ya sani. Amma in ya ce a'a, to ka nemi wuri ka zauna, domin ko za ka yini kana magana ba za ka ji wata kalmar ba.

Mutum ɗaya ne na san yana iya tausasa shi, wato ƙaninsa, Baffanmu. Shekara goma sha biyar ce tsakaninsu. Mahaifinsu ya rasu Baffa yana ɗan shekara shida, Baba ne ya riƙe shi, ya koya masa walda, ya yi masa aure, ya saya masa inji ya buɗe nasa shagon a bayan tasha. Baffa bahago ne. Baba ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ɗaure masa hannun hagu ya taɓa yi da tsumma, duk a banza. A ƙarshe ya haƙura, ya shiga kiransa Bahago, sunan ya bi shi har tsufa. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu, 'ya'yansa bakwai, kuma a rayuwarsa bai taɓa iya cewa mai kawo aiki a'a ba. Ina son Baffa ƙwarai, gara in faɗa tun yanzu.

Shekara goma sha biyu da suka wuce wani tela maƙwabcinmu ya cika a kan bencin asibiti, 'yan'uwansa suna can suna zagaye gidaje neman abin da za a ajiye kafin likita ya taɓa shi. Baba ya je jana'iza ya dawo. Bayan mako guda ya ɗauko wani akwatin ƙarfe a kafaɗa ya dire a gaban Liman. Akwatin yana da 'yar tsaga a sama, da kwaɗo biyu a gefe, da lamba ɗaya a goshi. Ya ce makulli ɗaya a hannun Liman, ɗaya a hannun mai kemis na bakin layi, kada ɗayansu ya iya buɗewa shi kaɗai. Haka Asusun Marasa Lafiya na masallacinmu ya fara.

A hankali akwatunan suka kai ashirin da bakwai, a kemis, a gidan mai, a shagon aski, a wajen mai niƙa, kowanne ɗaure da sarƙa. Asabar ɗin farkon wata ake tattaro su a buɗe a barandar masallaci da rana tsaka, duk wanda ya ga dama ya tsaya ya kalla. Da hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta ce kowace ƙungiya ta yi rajista ta kuma riƙa ajiya a banki, 'yan kwamiti suka yi ta gunaguni, wai gwamnati ta sa ido har a kan sadaka. Baba ne ya tasa su a gaba har ofis. Ya ce shi bai ga abin tsoro a lamba ba, shekara arba'in yana buga ta bai ga ta ciji kowa ba.

A lokacin da nake ba da labarinsa, asusun yana biyan wankin ƙoda na mutum uku. Biyu suna da dangi masu ɗan hali. Ta ukun Iya Mai Gawayi ce, tsohuwar da ke sayar da gawayi a ƙarshen layinmu, ba ɗa ba jika. Litinin da Alhamis ake ɗora ta a kan inji, asusu ne ke biyan asibiti kai tsaye daga banki. In aka tsallake mata sau biyu a jere, ƙafafunta sai su kumbura, numfashi ya soma yi mata wuya.

Wata ranar hutu na kai wa Baba abinci, ina nan zaune a kan benci sai ga wata mota mai kyau ta tsaya. Wani mutum ya fito, fari sol da kayansa, ƙamshin turarensa ya danne warin ƙarfe da ƙonannen fenti. Ban san sunansa ba har yau, Mai Turare muke ce masa. Ya yi sallama mai tsawo, ya yaba wa Baba, ya ce labarin asusun ya kai har garinsu. Ya ce akwati arba'in yake so irin namu sak, da sunan asusun a jiki, domin mutane sun yarda da sunan. Za a tara wa 'yan'uwa ne da ke cikin wahala a nesa.

Baba ya ce, "Waɗanne 'yan'uwa? A wane gari?"

"Allah ya san su, Baba. Sai dai ina da sharaɗi biyu. Kada a buga lamba, kuma a yi 'yar ƙofa a ƙasa, don kada a wahalar da mai ɗauka da neman makulli biyu."

"Me ya sa ba lamba?"

Mai Turare ya yi murmushi irin na wanda ya ga jahili. "Baba, ai sadakar ɓoye ta fi lada. Wannan lissafe-lissafen da rajista duk riya ce, kuma leƙen asirin Musulmi ne."

Baba ya ajiye sandar walda, ya ɗage tabaronsa zuwa goshi. "Ni ba malami ba ne, Alhaji. Amma a iya abin da na ji, mai bayarwa aka ce ya ɓoye hannunsa. Ban taɓa jin an ce mai karɓar amanar mutane ya ɓoye nasa ba. Matar da ta jefa kuɗin cefanenta a akwatin nan, don mara lafiya ta jefa. In ka kai wani wuri, ka ci amanarta, ni kuma na ƙera maka cokalin."

Mutumin ya ninka farashi. Baba ya sauke tabaro ya ci gaba da aikinsa. Ya sake ninkawa, Baba ya ce mini, "Uwata, matsa wa Alhaji ya wuce, tartsatsi zai ɓata masa riga." Da motar ta tafi na ce, "Baba, ka kori arziki da hannunka." Ya ce arzikin da ke shigowa ta ƙofar ƙasa ba nasa ba ne, in zuba masa abinci.

Ya gaya wa Liman abin da ya faru, Liman ya ce Allah ya kyauta, magana ta wuce. Kuskuren Baba ɗaya ne, kuma har gobe yana cizon yatsa a kai: bai tsallaka bayan tasha ya gargaɗi ƙaninsa ba.

Wata takwas bayan haka, ranar wata Talata da hantsi, motar hukuma ta shigo unguwa da 'yan sanda biyu. Suka bi shago-shago suna yanke sarƙa suna loda akwatunanmu, duka ashirin da bakwai. Suka liƙa takarda a ƙofar masallaci. Ni aka kira na karanta. An rufe ajiyar asusun a banki, an hana tara ko sisi da sunansa har sai an gama bincike. Dalili kuwa, a wani gari an kama wasu mutane da ake zargi da hannu a harin da aka kai wata kasuwa, inda rayuka da dama suka salwanta. A gidan da suka ɓuya an samu akwati arba'in, kowanne da sunan asusunmu a jiki.

Washegari kwamiti ya zauna. Ban taɓa ganin manyan mutane sun zama kaji lokaci ɗaya irin na ranar ba. Sakatare ya ce shi dama tun tuni yake son ajiye muƙamin. Wani ya ce a yi shiru ƙura ta lafa. Wani ya ce duk rajistar nan ce ta jawo, da ba a san da mu ba da ba a zo ba. Baba ya miƙe ya ce, "Da ba mu yi rajista ba, da yanzu muna bayan mota tare da akwatunan. Wa zai biya wa Iya gobe?" Ya ce, "To ni zan je in karɓo akwatunana."

Ni na raka shi, saboda takardu. Ofishin bene ne mai hawa biyu, da dogon benci a baranda da fanka mai ƙara. Wadda ke riƙe da binciken wata mata ce mai tabarau, ba ta rabuwa da fayil a hammata, shi ya sa muka sa mata Hajiya Mai Fayil. Ba ta da wulaƙanci, amma ba ta da wasa. Ta kai mu wani ɗakin ajiya a ƙasa. Akwati sittin da bakwai ne a jere, duk koren fenti iri ɗaya, duk rubutu iri ɗaya.

Baba ya bi su yana shafa goshinsu da yatsa. Cikin minti goma ya ware ashirin da bakwai gefe guda. Ya ce, "Waɗannan nawa ne. Lambarsu bugawa aka yi da guduma, duba huɗun nan mai gutsure. Waɗancan da fenti aka zana musu. Juya su ki ga ƙofar ɓarayi a ƙasa."

Ta juya ta gani, ta rubuta. Sannan ta ce, "Baba, na ga bambancin. Amma me zai hana in ce kai ka ƙera duka, waɗannan don barandar masallaci, waɗancan don bayan fage? Ƙarfe ɗaya, awo ɗaya, har lanƙwasar murfin iri ɗaya. Wanda ya yi waɗancan ya san aikinka ciki da waje."

Baba ya durƙusa ya ɗauki ɗaya daga cikin arba'in ɗin, ya kai shi bakin taga, ya karce fentin da makulli a kan layin waldar. Ina kallon fuskarsa. Ya daɗe yana dubawa, ya ajiye, ya ɗauki wani, ya sake karcewa. Sai na ga ya dire shi ya shiga murza idanunsa.

Hajiya ta ce, "Ka ga wani abu ne?"

Ya ce, "Idona ne, hasken walda ya cinye shi."

Ta ce ba za a buɗe asusun ba sai an san wanda ya ƙera arba'in ɗin, domin shi ne zai kai su ga wanda ya ba da aikin. Baba ya ba ta labarin Mai Turare, ta rubuta, ta ce fari sol da turare ai rabin masu mota ke nan. Ta ƙara da cewa ita a ganinta ma a hana ajiye akwatunan sadaka gaba ɗaya, kowa ya huta.

Nan Baba ya dawo cikin hayyacinsa. "Ranki ya daɗe, ku ne za ku huta. Shekara nawa muna kawo muku takarda kuna buga hatimi, ko sau ɗaya wani ya taso daga kujera ya zo ya ga akwatin da idonsa? Takarda kuka yi wa rajista, ba akwati ba. Yanzu ɓarawo ya ari sunanmu, ku kuma za ku hukunta tsohuwa mai gawayi." Na ja masa riga, ya fizge. Na ga Hajiya ta rubuta wannan ma.

A cikin motar haya muna dawowa na ce, "Baba, me ka gani?" Muka wuce gidan mai biyu. Sannan ya ce, a hankali, walda tana da tafiya kamar sawun mutum. Mai hannun dama daga hagu yake ja zuwa dama, ƙananan tudun da narkakken ƙarfe ke bari su kwanta ta gefe guda. Na arba'in ɗin nan ta ɗaya gefen suka kwanta. Kuma a ƙarshen kowane layi akwai ɗan ɗigo da ake komawa a cike, dabarar da shi ya ƙirƙiro, mutum ɗaya tak ya koya wa.

Na ce, "Baffa?"

Ya ce, "Rufe mini baki, Uwata."

Mako uku Baba yana ɗauke da wannan abu. Makon farko maƙwabta suka yi karo-karo hannu da hannu aka biya wa Iya. Mako na biyu Baba ya sayar da janaretonsa, ya koma jiran wutar gwamnati kamar sabon shiga. Sau biyu yana zuwa bayan tasha, sau biyu ana ce masa Baffa ya fita sayen ƙarfe. A mako na uku aljihun kowa ya bushe, Iya ta tsallake Litinin, ta tsallake Alhamis. Na je duba ta ranar Juma'a da yamma, na tarar da ita a zaune jingine da buhunan gawayi, domin in ta kwanta numfashi ba ya fita. Ƙafafunta sun yi suntum. Ta ce in gaya wa Baba kada ya damu, ita ta ci zamaninta. Na fito ina kuka ina zage-zage, ban ma san wa nake zagi ba.

Kafin nan magana ta riga ta fasu a dangi, domin ni na gaya wa Inna, Inna kuma ta gaya wa Gwaggo, yayarsu Baba. Ranar Asabar da safe Gwaggo ta iso gidanmu ko mayafinta ba ta gyara ba. Ta ce, "Kai ka riƙe shi tun yana yaye majina da hannun riga, yau kai za ka miƙa shi? Ina addinin da ya ce ka suturta ɗan'uwanka? 'Ya'ya bakwai fa!" Baba ya ce, "Yaya, na ji." Ya sa hula, ya ce in biyo shi wajen Liman.

Liman yana zaure yana duba littattafansa. Baba ya zauna a ƙasa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tambaya na kawo, kada ka duba fuskata." Ya zayyana komai. Liman ya numfasa, ya ce suturta ɗan'uwa gaskiya ne, amma a laifin da ya tsaya tsakanin mutum da Ubangijinsa. Inda haƙƙin wasu ya shiga, balle jini, ɓoye shaida shi kansa zunubi ne. Ya ce mai tara sadaka wakili ne kawai, dole ya kai ta inda mai bayarwa ya nufa, kuma hukuma tana da ikon bin sawun wannan amana don kare rayukan jama'a. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce shi ma yana da nasa kason, domin an gaya masa zancen Mai Turare ya tsaya a Allah ya kyauta.

Baba ya ce, "Na san haka za ka ce. So nake in ji ko akwai wata hanyar da ban sani ba."

"Babu, Malam Lamba."

Daga nan bayan tasha muka nufa, wannan karon ba mu tsaya tambaya ba, muka kutsa har cikin shagon. Baffa yana tsugune a bayan wata ƙofa da yake haɗawa. Ya rame, fara'ar nan duk ta tafi. Da ya ga Baba sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Yaya, wallahi ban sani ba. Ya ce mini reshe za ku buɗe a wasu garuruwa, ya ce kai aiki ya yi maka yawa."

"Ka tambaye ni?"

"Na ji kunya ne, kada ka ce ina ƙwace maka aiki."

"Da ya ce ka yi ƙofa a ƙasa fa? Ni na koya maka akwatin sadaka mai ƙofa a ƙasa?"

Hawaye suka shiga bin gemun Baffa. Can ya ce, "Yara suna gida an koro su daga makaranta, Yaya. Na ga aikin arba'in, na kawar da kai."

Baba ya ce, "Na yarda ba ka sani ba. Amma ka ƙi sani ne, Bahago, kuma mutane sun mutu a kasuwa suna sayen tumatir. Kana da lambar wayarsa?" Baffa ya gyaɗa kai. Har gidan da ya kai kayan ya sani. Baba ya ce, "Jibi Litinin da safe zan koma ofishin nan. In ka zo, tare za mu shiga, ina riƙe da hannunka. In ba ka zo ba, ni kaɗai zan shiga, kuma abin da zan faɗa ɗaya ne."

"Za su rufe ni, Yaya."

"Wataƙila. Gidanka kuma ba zai kwana da yunwa ba muddin ina numfashi."

Ranar Litinin muka zauna a kan dogon bencin nan tun ƙarfe takwas. Baba yana ta kallon ƙofar shiga. Takwas da rabi, tara, tara da rabi. Baffa bai zo ba. Ni da na yi ta cika baki, sai na ji kaina ina cewa, "Baba, mu koma gida, a nemi wata dabara." Ya dube ni ya ce, "Iya tana da wata dabarar numfashi ne?" Ya miƙe.

A ɗakin ajiya ya ɗora akwatinsa ɗaya kusa da na jabu ɗaya a bakin taga, ya nuna wa Hajiya Mai Fayil yadda waldar ta kwanta a kowanne, ya nuna mata ɗigon ƙarshen layi. Ta cire tabarau ta duba, ta mayar ta sake dubawa. Ta ce, "Wato bahago ne ya yi waɗannan. Ka san shi?"

Baba ya ce, "Ni na koya masa. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya."

Alƙalaminta ya tsaya. Baba ya ci gaba, murya a sama, har 'yan sandan da ke baranda suka leƙo. "Rubuta da kyau, ranki ya daɗe. Ƙanina sakarai ne mai kwaɗayin aiki, ba makashi ba ne. Zai kai ku har ƙofar wanda kuke nema. In kuka haɗa shi da su kuka yi masa hukunci ɗaya, kun yi zalunci, kuma kullum za ku gan ni a kan bencin nan har ku gaji da fuskata. Sannan yau Litinin ce, akwai tsohuwar da ya kamata a ce tana kan inji tun ɗazu."

Kafin azahar Hajiya ta sa hannu a takardar da ta ba banki izinin biyan asibiti kai tsaye, tun kafin a kammala sauran binciken. Da la'asar aka ɗora Iya a kan inji. A daidai wannan lokacin aka je bayan tasha aka ɗauki Baffa. Bai gudu ba, an same shi zaune a ƙofar shago da hularsa a kai, ya riga ya kulle injinsa.

Wata biyar ya yi a hannunsu. Baba bai taɓa fashin bencin nan ba duk ranar Litinin, kuma duk ƙarshen mako buhu da cefane suna isa gidan Baffa, matarsa tana karɓa ba tare da ta ce a gaishe shi ba. Gwaggo ta daina shigowa gidanmu. A layi wasu suka riƙa nuna shi da baki, wai ga wanda ya sayar da ƙaninsa. Wata rana na tare wata mata a bakin famfo na wanke ta tas, Baba ya ji labari ya ce in na sake sai ya buga mini lambar da Inna ke faɗa. An dawo da akwatunanmu ashirin da bakwai. Daga baya hukumar ta fitar da ƙa'ida cewa kowane akwatin sadaka sai da bugaggiyar lamba da kwaɗo biyu, kuma ma'aikaci zai riƙa zuwa yana dubawa. Masu ƙungiyoyi suka yi ta tsine wa wanda ya jawo musu wannan ɗawainiya, Baba ya ce su ƙara, bai ji da kyau ba.

An saki Baffa a matsayin mai ba da shaida, bayan an kama Mai Turare. Ya koma shagonsa. Bai zo wajen Baba ba, in ya hango shi a titi sai ya tsallaka ɗaya gefen. Shekara guda ke nan da rabi. Iya tana nan tana auna gawayi tana faɗa da masu neman ragi.

Makon jiya na shiga kemis sayen maganin tari, sai na ga Baffa a gaban akwati mai lamba huɗu. Bai gan ni ba. Ya sa yatsa ya shafa lambar nan mai gutsure, ya leƙa ƙasan akwatin, sannan ya zaro wani abu daga aljihu ya jefa, ya fita da sauri. Ban ko karɓi canjina ba na nufi shagon Baba na gaya masa.

Yana tsugune a kan wata taga, sandar walda a hannu. Ya ce, "Da wane hannu ya jefa?"

Na ce, "Da hagu."

Ya ce, "Shekara arba'in ina gaya wa yaron nan ba a ba da sadaka da hagu." Ya sauke tabaron ya rufe idonsa. Na daɗe a tsaye ina jiran in ga tartsatsi, amma bai kunna ba.